Filin Sanin Ƙasa: Me ke sa a saurari malamin jami'a?

Kowace shekara, in an gama girbin hatsi an ɗaure damuna, samari da ƴan mata suna ɗaukar jakunkunansu daga Magariya, Bande, Waca, Yekuwa, Sasumburum, Dungas, Guci da Malawa, su nufi Damagaram. Wasu su wuce Maraɗi, wasu har Yamai. Jami'a za su, wadda wasu ke kira inibarsite. Kafin yaro ya kai nan, gidansu sun sha ɗawainiya. An sayar da akuya, an sayar da buhun gyaɗa ko na riɗi, an yi noma babu hannunsa shekara da shekaru.

Saboda haka uba yana da haƙƙin ya yi tambaya. Wane ne zai karantar da ɗansa can? Ɗan wane ne? Me ya sa yaro zai ji maganarsa, har ya fi jin ta bisa maganar dattawan gari? Wannan ita ce maganar filin nan a watan nan.

Yadda aka saba a ƙauye

A ƙauye, in mutum ya miƙe zai yi magana, an riga an san shi. An san ubansa, an san kakansa, an san gonarsu. Maigari ɗan maigari ne. Maƙeri a maƙera ya tashi. Wanzami ya gaji zabira. Makiyayi ya san sawun shanu tun yana goye. Shekaru ma suna ba mutum baki, domin yaro ba ya katse dattijo. Wannan tsari ya riƙe garuruwa zamani mai tsawo, kuma yana da amfaninsa.

A jami'a ba haka abin yake ba. Ɗalibi yakan shiga zaure mai ɗaukar mutum ɗaruruwa. Wani ya shigo ya tsaya gaban allo. Ba a san ubansa ba. Mai yiwuwa Bazabarme ne, ko Babarbare, ko Buzu, ko Bafillace. Mai yiwuwa mace ce. Mai yiwuwa ma wasu daga cikin ɗalibansa sun girme shi. Amma kowa ya yi shiru ya ɗauki alƙalami. To, ina ya samo wannan iko?

Tsawon hanyar

Farko dai, hanyar da ya biyo doguwa ce. Yaro yana yin shekara 6 a lakkol ta firamare. Ya yi 4 a kwaleji, ya ɗauki burbe. Ya yi 3 a lise, ya ɗauki bak. Sannan ya shiga jami'a: shekara 3 ya samu lisansi, 2 ya samu masta, 3 ko fiye ya samu dokta. In an haɗa, shekara 21 ke nan, in bai maimaita aji ko sau ɗaya ba. Wanda aka sa lakkol yana ɗan shekara 7 zai kai 28 kafin ya gama. A lokacin, sa'o'insa na ƙauye sun yi aure, ƴaƴansu sun isa kiwon awaki.

Takardar dokta ba ta samuwa da haddace abin da wasu suka rubuta. Sai mutum ya yi bincike na kansa, ya gano wani abu, ya rubuta littafi a kai. Sannan ya tsaya gaban manyan malamai a bainar jama'a, su yi ta jefa masa tambayoyi, ya kare abin da ya rubuta.

Duk da haka bai gama ba. Malaman jami'a hawa-hawa ne. Akwai mataimakin malami, akwai na sama da shi, har a kai furofesa, wanda shi ne ƙololuwa. A shekarar 1968, shugabannin ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci suka taru a Yamai, suka kafa wata hukuma da ake kira Kames. Mazauninta yana Wagadugu. Malamin da ke son hawa gaba yana tattara rubuce-rubucensa ya aika. Malamai ƴan uwansa na wasu ƙasashe, masu sanin fanninsa, su ne ke dubawa. In aikin ya isa, a sa sunansa cikin waɗanda suka cancanta. In bai isa ba, a ce ya koma ya ƙara. Cikin takardun nan babu inda ake tambayar sarautar ubansa, ko yawan shanunsu.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga mutanen Magariya da Dungas, ƙasar tsangayu. Kowa ya san yadda almajiri ke tashi: kolo, titibiri, gardi, har ya zama malam. Wanda ya haddace Alƙur'ani ya rubuta shi da ka, ana ce masa alaramma. Wanda ya ƙware ƙwarai, ana ce masa gwani. Sarki ba ya naɗa gwani. Attajiri ba ya saya wa ɗansa. Alarammomi ne ke saurare, su duba rubutu, su shaida. Ɗan talaka yakan zama gwani, ɗan sarki ya zo ya durƙusa gabansa da allo. Haka furofesa yake: masu sani ne suka gwada shi, suka shaida.

Abdu Mumuni, malamin rana

Jami'a ta farko a Nijar ta soma a Yamai a 1971, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973. Tun 1992 tana ɗauke da sunan Abdu Mumuni. An haife shi a Tasawa a 1929. Iyayensa Zabarmawa ne. Ya yi karatu a Nijar, da Sanigal, da Faransa. A 1956 ya ci wata babbar jarrabawar malanta ta Faransa a fannin kimiyyar da ke binciken haske, zafi da ƙarfi. A wancan zamani, Nasara da yawa suna ganin baƙar fata ba zai iya wannan ilimi ba. Jarrabawa ɗaya suka yi da ƴaƴansu, ya ci.

Da ya so, da ya zauna Turai. Sai ya duba abin da ƙasarsa ta fi kowa samu, wato rana. Ya yi aiki a Mali, sannan ya komo gida a 1969 ya shugabanci ofishin binciken ƙarfin rana da ake kira Onersol. Can aka ƙera na'urorin zafafa ruwa da na dafa abinci da rana, ba itace ba gawayi. A 1979 aka ba shi shugabancin jami'ar Yamai. Ya rasu a 1991.

Akwai wani abu nasa da ya shafi masu karanta jaridar nan kai tsaye. A 1964 ya fitar da littafi a kan ilimi a Afirka. A ciki ya nuna cewa makarantar Nasara ta raba yaro da mutanensa, ya kuma nemi a karantar da yara da manya cikin harsunansu. Ga mutum wanda ya san Faransanci kamar Bafaranshe, amma ya tsaya wa harsunan gida. Duk dattijon da ke zaune yau a cibiyar yaƙi da jahilci yana haɗa baƙaƙe da Hausa, yana kan hanyar da malamin nan ya yi kira a bi.

Andire Salifu, ɗan Damagaram

A cikin Nijar, jami'ar da ta fi kusa da Magariya da Dungas ita ce ta Damagaram. An kafa ta a 2010, shekara ɗaya da ta Maraɗi da ta Tawa. Daga Magariya zuwa can bai kai kilomita 100 ba, alhali Yamai tana wajen kilomita 900 daga Damagaram. A ƙidayar 2012, gundumomin Magariya da Dungas tare suna da mutum sama da 900,000. Ga jama'a mai yawa haka, samun jami'a kusa ba ƙaramin abu ba ne.

Yau jami'ar tana ɗauke da sunan Andire Salifu, malamin tarihi. An haife shi a Damagaram a 1942, ya rasu a 2022. A 1971 ya fitar da littafi a kan daular Damagaram a ƙarni na 19, zamanin su Sarki Tanimu, lokacin da ƙasashen Sosebaki, wato Mirya, Waca da Dungas, suka shiga ƙarƙashin Damagaram. Bai tsaya ga takardun Nasara kaɗai ba. Ya nemi abin da tsofaffi suka riƙe a ka, ya gwada maganar wannan da ta wancan, sannan ya rubuta. Kasancewarsa ɗan gari ya buɗe masa ƙofofi, domin yana jin harshen, ya san yadda ake gaida manya. Amma zama ɗan gari kaɗai ba ya sa mutum ya zama malamin tarihi. Ƴan gari dubbai ne. Aikin tacewa da aunawa shi ne ya bambanta shi.

A 1991, da aka kira babban taron ƙasa a Yamai, ana neman wanda zai riƙe zaman, kowa ya saurare shi, sai aka zaɓi malamin nan. Bayan taron ya shugabanci majalisar riƙon ƙwarya har 1993. Amma a 1999, da ya tsaya takarar shugaban ƙasa, ƙuri'un da ya samu kaɗan ne, Tanja Mamadu ya ci zaɓen. A nan akwai darasi. Ikon malami yana da fili, yana da iyaka. Sanin tarihi bai sa dole jama'a su bi shi a siyasa ba, kuma faɗuwa zaɓe ba ta rage darajar littattafansa ba.

Malami ba ya barin kansa a bakin ƙofa

Wani zai ce, tun da takarda ce ke ba da iko, ashe ko wane ne malamin duk ɗaya ne. Ba haka ba ne. Takarda tana shigar da mutum aji. Amma abin da ke sa ɗalibi ya buɗe masa zuciya, halinsa ne. Malami yana shiga aji da harshensa, da garin da ya fito, da abin da ya sha a rayuwa.

A ɗauki malamai biyu masu karantar da ilimin noma, dukansu ƴaƴan manoma. Na farko yana jin kunyar asalinsa. In ɗalibi ya kawo misali daga gonar ubansa, sai ya yi tsaki ya ce wannan maganar ƙauye ce. Ɗaliban za su ji tsoronsa, su haddace abin da ya ce domin jarrabawa, su manta bayan wata ɗaya. Na biyu yana cewa: a garinmu ga yadda ake yi, a littafi ga abin da aka ce, ku zo a gwada a gani. In bai san abu ba, ya ce bai sani ba, zai bincika. Wannan ba ya rage masa girma. Ɗalibai sun fi riƙe karatunsa, domin sun ga ba ya yi musu ƙarya.

Manoman yankin nan suna da hujja a hannu. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, ƙasa ta yi tsirara, iska tana binne shuka. Sai manoman Magariya, Matamai da Mirya suka riƙa barin ƴan itatuwan da ke tsirowa a gona, suna sassabe su suna kiwonsu, musamman gawo. Kowa ya san halin gawo: yana zubar da ganye da damina, bai tare wa hatsi rana, ga taki a gindinsa, ga ƴaƴansa abincin bisashe da rani. A 2006 masu bincike, cikinsu har da Mahaman Larwanu, suka zagaya gundumomin nan uku. Suka tarar gonakin da aka raya haka sun kai wajen hekta miliyan 1. Suka rubuta, labarin ya kai ƙasashen duniya. A wannan aiki manomi ne ya riga sani. Malamin jami'a ya zo ya auna, ya ƙirga, ya bayyana dalili, ya kai labari inda manomi ba ya iya kaiwa. Kowa da nasa sani, kuma malamin ƙwarai ya san haka.

In malamar mace ce fa?

Akwai iyayen da ke jin nauyi in aka ce mace ce ke karantar da ɗansu mai gemu. Akwai ɗaliban da ke raina malama tun ba ta buɗe baki ba. Sai a tuna musu da Nana Asma'u, ƴar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Ta yi rubutu da Larabci, da Fulatanci, da Hausa. Ta shirya mata masu yawo ƙauye-ƙauye suna karantarwa, ana kiran shugabarsu jaji, ana ba ta malfa domin a san an yarda da ita. Malaman zamaninta maza sun girmama iliminta. Malamar jami'a ta yau ta bi shekara 21 ɗin nan da namiji ya bi, ta tsaya gaban masu tambaya iri ɗaya. Sau da yawa ma ta yi haka da goyo a baya.

Haka maganar shekaru. Ma'aikaci mai furfura yakan koma jami'a ya zauna gaban malamin da bai kai ƙanensa ba. Gemu ba ya hana ilimi. A cikin aji, yaron nan malami ne. A waje, shi zai fara gaida dattijon. Kowane girma da wurinsa.

Maganar harshe

Tun kafuwar jami'a a Nijar, da Faransanci ake yawancin karatu. Wannan ya sa wasu suna auna ilimin mutum da daɗin Faransancinsa. Kuskure ne. Harshe ƙwarya ce, ilimi shi ne furar da ke ciki. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara ke fara karatu da Hausa. A watan Maris na 2025, dokar sabunta ƙasa ta sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi su zama harsunan aiki. Ga wata hanya mai sauƙi ta gwada mai ilimi: a ce ya bayyana wa mahaifiyarsa abin da ya karanta, da Hausa, har ta gane. Wanda ya san abu da gaske yana iyawa.

Iko amana ne

Malamin jami'a yana riƙe da abu mai nauyi, wato makin jarrabawa. Da alƙalaminsa yaro ke wucewa, da shi yake maimaita shekara. Shekara ɗaya ta ɗalibi kuwa akuyoyi ne da buhunan hatsi na gidansu. Saboda haka maki ba abin sayarwa ba ne, ba na kyauta ga ɗan gari ko ɗan dangi ba, ba kuma tarkon kama ƴar mutane ba. Malamin da ya yi haka ya ci amana, ko takardunsa sun cika akwati. Ɗalibin da aka zalunta yana da inda zai kai kuka: akwai shugaban sashe, akwai shugaban tsangaya, akwai shugaban jami'a. Yana da haƙƙin ya nemi a sake duba takardarsa. Iyaye su gaya wa ƴaƴansu haka tun kafin su tafi, musamman ƴan mata, kuma su saurare su in sun zo da magana.

Su ma malaman akwai masu iko da su. A 2018 da 2019 an yi doguwar jayayya tsakanin gwamnati da ƙungiyar malaman jami'a. Malamai suna so a bar su suna zaɓen shugaban jami'a da kansu, suna cewa mai ilimi ne ya san mai ilimi. Gwamnati tana cewa ita ke biyan albashi da kuɗin talakawa, ita ya kamata ta naɗa. An yi yajin aiki na watanni, daga baya a 2019 majalisa ta yi dokar da ta ba gwamnati ikon naɗawa. Kowane ɓangare yana da hujjarsa. Amma wanda ya fi jin jiki shi ne ɗalibin da ya zauna Damagaram ko Yamai yana cin guzurinsa, aji a rufe.

Abin da ya rage ga iyaye

In yaro ya komo hutu, kada uba ya tsaya ga tambayar ɗan wane ne malaminka. Ga tambayoyin da suka fi amfani. Malamin yana zuwa aji a kan lokaci? In an yi masa tambaya, yana amsawa ko yana fushi? Yana kai ku gona, ko asibiti, ko kasuwa, ku ga abin da ido? Yana yi wa ɗan birni da ɗan ƙauye adalci ɗaya? Daga amsar yaro, uba zai gane irin hannun da ɗansa yake ciki, ko da shi bai taɓa shiga lakkol ba.

Shi kuma ɗalibi, ya girmama malaminsa, amma ya riƙa tambaya. A jami'a, tambaya ba rashin kunya ba ce, ita ce aikin. In ya komo gida, kada ya raina gonar da ta biya masa karatu. Ya riƙe hauya, ya gaida manya, ya karanta wa maƙwabta takardar asibiti. Wata rana yana iya zama shi ne mai tsayawa gaban allo a Damagaram, ɗan Dogo-Dogo ko ɗan Kwaya, kuma sanin da ya yi wa ƙasar nan zai zama jarinsa.

Manya masu zuwa cibiyar yaƙi da jahilci su ma suna da rabo a maganar. Uban da ya iya karatu yana iya duba takardar sakamakon ɗansa da idonsa. Uwar da ta iya rubutu tana iya aika wa ƴarta saƙo ba tare da wani ya ji sirrinsu ba.

Domin tattaunawa a cibiya

A garinku, wa ake saurare in ana maganar gona, wa ake saurare in ana maganar lafiyar bisashe, kuma me ya sa?

Yara nawa ne daga garinku suka kai jami'a? Mata nawa ne a cikinsu? Me ya tsayar da sauran?

Wane sani ne manoma da makiyayan garinku suke da shi, wanda ya kamata malaman jami'a su zo su rubuta?

A tattauna, a rubuta amsa da hannu, a ba malamin cibiya ya aiko wa jarida. Za a buga waɗanda suka samu wuri. Allah ya ba da sa'a, ya sa albarka ga abin da aka girbe.